Ta'aziyyar Allon da Aka Yi wa Banda a Wara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci mai cike da ƙarnin kifi, Malama Delu Audu ta Yelwan Yawuri, tsohuwar malamar kimiyya wadda ta ajiye alli bayan shekara talatin da biyar a aji, take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Yawuri da Shanga da ƙasar Ngaski rasuwar allon kwamfutarta, baƙi, ɗan madaidaici, mai inci goma sha tara. Ya cika ranar Lahadi tsakanin azahar da la'asar a garin Wara, yana da shekara goma sha ɗaya, bayan wata gajeriyar jinya da ta fi ciwon muni.

Malama ba za ta ce Allah ya jiƙansa ba. Ba shi da rai, kuma ta san bambanci. Amma yana da suna, an kuwa ɓata sunan kafin ya mutu, an haɗa da na jikanta Hafizu. Abin da ya sa sanarwar ta yi tsawo ke nan.

Maganar da ta yi wata biyu tana yawo a bakin ruwa, daga tashar jirage ta Yelwa har Wara, ita ce wai marigayi yana riƙe ƙafa. Wai duk baƙon da ya shiga zauren Malama ya kara da Hafizu a ƙwallon gem, wasan ƙwallo na na'ura, zai danna, ɗan wasansa ya tsaya yana tunanin duniya, sai an ƙwace ƙwallon sannan ya ɗaga ƙafa ya shuri iska. Wasu suka ce an kai allon wurin malami. Waɗanda suka ɗan zauna a aji, kuma su ne suka fi ba Malama haushi, suka ce ba asiri ba ne, dabara ce: Hafizu ya saƙa wayoyin nan ta yadda zai riƙa satar lokacin baƙo yana ƙara wa kansa.

Da wasa ne kawai, da Malama ta bar su da bakinsu. To amma Hafizu kanikancin injin jirgi yake yi, magidanci ne mai mata da ɗiya, kuma mai jirgi ba ya miƙa injinsa ga mutumin da ake ce wa ɗan maguɗi, domin a tsakiyar tafki ne zai gane ko an cuce shi. Cindo na Wara, mai jirgin ɗaukar kaya, wanda ya sha kashi sau biyar a zauren, shi ya fara zuwa ya ɗauke injinsa daga rumfar Hafizu ba a ko ƙarasa ɗaure shi ba. Wasu suka bi sahu. Sai ga Hafizu yana yini a rumfa yana goge sifana da ta riga ta yi fes. Ranar da Malama ta ga haka ta ce to, za a auna.

Kafin a zo ga awon, ya kamata a faɗi wane ne marigayi.

Malama ta saye shi a Birnin Kebbi don buga tambayoyin jarrabawa, ta rungumo shi a cinya har gida. Bai da kyau. Bakinsa kauri gare shi, ƙafarsa guda, launinsa kuma ba ya ɗaukar ido. Halinsa ɗaya ne, shi ne kuma ya yi ƙaranci a zamanin nan ga na'ura da mutum duka: abin da aka ba shi, shi yake nunawa, a lokacin da aka ba shi, ba ƙari ba kwaskwarima. Bai cika surutu ba. A shekara goma sha ɗaya kalma biyu aka sani a bakinsa. In an danna shi da safe ya ce “ƙit”. In wuta ta yi ƙasa ya ce “ziiii”, siririya, kamar sauro a bayan kunne, bai kuma taɓa faɗinta ba sai da dalili.

Shekara biyu da suka wuce Hafizu ya shigo da gem gida, da wani ɗan akwatin naɗi mai girman sabulu, wai yana son ya riƙa naɗar wasanninsa yana ɗorawa duniya ta gani. Haɗin da ya fara yi abin tausayi ne. Hoto ya fito daga gem ya shiga akwatin naɗi, akwatin ya matse shi ya tura wa laftof, laftof ta warware shi ta nuna, shi kuma gogan yana kallon laftof ɗin yana wasa. Ya danna yanzu, a buga anjima. Ya zagi hannun gem, ya buga shi da ƙasa, ya zagi janareta, ya zagi mutanen da suka ƙera ƙwallo. Malama tana gefe tana tsince shinkafa ta ce, “Mai gidan, tasha nawa hoton nan yake tsayawa kafin shi iso idonka?” Ya ce, “Amarya, ki ji da tsakuwarki, wannan ba irin kimiyyarku ba ce.” Ta ajiye faifan ta zana masa a bayan kalanda. Aka sayo ɗan akwati mai raba hoto tun daga bakin gem, mai kafa uku. Waya ɗaya ta miƙe kai tsaye zuwa allo, don ido. Ɗaya ta tafi akwatin naɗi, shi kuwa ya makara yadda ya ga dama, tunda ba mai jiransa. Ta kafa masa doka guda: kada ya ƙara yin wasa yana kallon abin da ake naɗa. Sannan ta ara masa marigayi. Jinkiri ya ɓace a ranar. Godiya dai har yau tana hanya.

Kafa ta uku ta zauna ba kowa, har baƙi suka fara zuwa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A nan ne tarbiyya ta shigo ta ɓata lissafi. Hafizu ɗan gidan mutunci ne. Ba zai iya zaunar da mutumin da ya ƙetaro ruwa a gaban allo mai faɗin tiren shayi ba. Sai ya shiga ɗakin matarsa Murjanatu ya cicciɓo babbar talabijin ɗinta, mai inci hamsin da biyar, ya jona ta a kafa ta uku. Ya shimfiɗa wa baƙo darduma a gabanta, ya jingina masa matashi, ya juya masa fanka, ya ajiye masa fura mai sanyi. Shi kuma ya ja kujera 'yar tsugunno ya raɓe a bayan ƙofa, a gaban marigayi, kamar yadda mai gida yake yi. Haka ya yi wa kowane baƙo, ba ya bambantawa. Haka kuma ya ci wasa goma sha bakwai a jere.

Malama tana so a rubuta cewa a duk goma sha bakwai ɗin nan ba ta tambayi komai ba. Tana jin ihu daga zaure tana murmushi, tana cewa jini ba ya ƙarya. Macen da ta shekara talatin da biyar tana hana yara yarda da sakamakon da ya yi musu daɗi. Wannan laifinta ne na farko, ta kuma amsa shi.

An yi awon ranar wata Laraba da hantsi. Wayar Murjanatu tana da wurin ɗaukar hoto a hankali, hoto ɗari biyu da arba'in a daƙiƙa guda. Malama ta sa aka jera marigayi da talabijin kafaɗa da kafaɗa, babban yatsan Hafizu a gabansu a kan hannun gem, Murjanatu ta riƙe waya ta haɗa su uku a ido ɗaya. Ya danna sau ashirin. Malama ta sa tabarau ta ɗauki jan biro, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage. Duk dannawa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa a fuskar marigayi, sai an ƙirga hoto talatin, wani lokaci da ɗaya wani lokaci ba ɗaya, sannan ya ɗaga a fuskar talabijin. Kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. A wurin mai daka ba komai ba ne. A wurin mai tsaron gida, ƙwallo ta riga ta shige. Ta cire akwatin naɗi gaba ɗaya ta sake aunawa, ko shi ne ɓarawon. Talatin ɗin nan dai tana nan.

Dalilin kuwa ba ya buƙatar malami. Talabijin ba ta nuna hoto yadda ya zo. Sai ta tsaya ta shafe shi, ta ƙara masa launi, ta ƙago wasu hotuna ta cusa a tsakani don motsi ya yi santsi, kamar amaryar da mota ke jira a ƙofa ita kuma tana gaban madubi. Akwai wuri a cikin saitinta da ake kashe duk wannan kwalliya in za a yi wasa. Ba wanda ya taɓa leƙa shi, domin takardar da ta zo da ita Murjanatu ta daɗe da naɗe ƙuli-ƙuli a ciki.

Malama ta aika aka kira Cindo. Ta koyar da shi a aji huɗu, ta san iyakar abin da ya shiga. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kalli takardar jan biro kamar an miƙa masa sammaci, ya ce, “Malama, Allah shi ba ki haƙuri. Wayar ta gidanku ta, allon na gidanku na, ƙirgan ma naku na. A kai shi Wara, cikin jirgina, ina kallonai, kada a cire mai komi bisa hanya. In zauna gabanai gaban mutanena. In na ci, na yarda.” Malama ta amince. Laifinta na biyu ke nan, ya kuma fi na farko tsada.

Ga yadda jinyar ta kasance, kamar yadda Hafizu ya faɗa da kansa yana kallon ƙasa.

Ta ce a sa shi a leda. Hafizu ya dubi sama ya ce gari garau yake, ya naɗe shi a bargo. Mutumin da ya girma a bakin Kainji, ya san iska ba ta aiko da takarda. Suna tsakiyar ruwa ta taso, igiyar ruwa biyu suka faɗo cikin jirgi, bargo ya sha ya ƙoshi. Hafizu ya kira ta a waya. Ta ce kada a jona shi, a goge shi, a tsayar da shi a inuwa inda iska ke wucewa, a ba shi kwana uku. Ta faɗa sau biyu. Ta sa ya maimaita.

Sai dai a Wara jama'a sun riga sun taru a ƙofar gidan su Cindo, har da masu tallan rake. Ba wanda zai jira kwana uku. Nan take likitoci suka bayyana, suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya suka ce a binne shi a buhun shinkafa, haka ake yi wa waya, kowa ya sani. Malama tana so ta ce shinkafa ba ta taɓa warkar da komai ba sai yunwa, amma da an bi tasu da yanzu yana raye, ƙura kawai zai sha. Ɗaya ɓangaren suka ce shinkafa tana da nawa. Sai Goggo Ladi, yayar mahaifin Cindo, wadda ta shekara arba'in tana bandar kifi kuma ba a taɓa dawo mata da kwando ba, ta fito tana goge hannu a zani ta ce, “Ku kawo shi nan, ɗiyana. Mu nan duk abin da ya jiƙe, banda muke sa shi. Rediyon mai gidana sau biyu.” Ba wanda ya tambaye ta ina rediyon yake yanzu.

Aka kwantar da marigayi rub da ciki a kan ragar ƙasa ta banda, bayansa mai ƙofofin shan iska yana kallon sama. A ragar sama kuwa akwai tarwaɗa jere, manya, masu ƙiba, sun fara tsattsafo da mai. Goggo Ladi ba ta ga dalilin sauke su ba, wuta ɗaya ce. Ta ma ƙara itace, don baƙo ne. Awa ɗaya da rabi ya yi a wurin. Jikan malamar kimiyya yana tsaye, hannu a aljihu, kunya ta hana shi musa wa tsohuwa a gidanta. Ita dai wannan kunyar da ta ba baƙo talabijin.

Da aka sauke shi ya bushe, wannan gaskiya ne. Gefensa ɗaya ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa, jikinsa yana ƙyalli. Aka jona shi. Ya ce “ƙit”, yadda ya saba, don bai taɓa ƙin amsa kira ba. Ya nuna koren fili na ƙiftawar ido. Ya ce “ziiii”, ya ja ta fiye da kullum. Sannan ya faɗi kalma ta uku, wadda ba a taɓa ji a bakinsa ba: “fus”. Hayaƙi ya fito ta bayansa, waɗanda ke kusa suka ce ƙamshin har ya sa su jin yunwa.

Tunda an taru, aka ce a buga hakanan. Su biyun suka zauna gaban talabijin ɗin Cindo, Hafizu ya sha kashi sau uku. Wara ta tashi da sowa: ga shi nan, allo ya mutu, asiri ya karye.

An dawo da gawar ranar Litinin. Malama ta ji isowarta kafin ta gan ta. Ƙudaje suka rako ta tun daga tasha. Kafin azahar kyanwowin unguwa sun jeru a kan katanga, wata mai ido ɗaya har ta samu ta lashi fuskarsa, fuskar da Malama ta shekara goma sha ɗaya tana gogewa da tsumma mai laushi. Tururuwa suka yi layi ta ƙofofin bayansa suna shiga suna fita kamar an buɗe musu kasuwa. Malama ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ɗauki sukudireba ta buɗe shi. Ba ta ga tsatsa ba, ba ta ga shatin ruwa ba ko ɗaya. Ruwan tafki a bargo da murfi ya tsaya. Abin da ta gani man kifi ne, ya kwanta a kan kayan cikinsa ya daskare, rawaya, mai danƙo, da toka a manne. Ƙananan gwangwanayen da ke riƙe masa wuta sun kumbura, biyu sun fashe. A kusurwa kuma, Allah shi ne shaida, ƙayar tarwaɗa guda. Ta wanke hannu da toka, da omo, da lemun tsami. Har yanzu in ta ɗaga kofin shayi tana jin Wara.

Marigayi ya tafi bai wanke kansa ba, saboda haka Malama ta nemo masa shaida daga dangi. Ta aika wa Cindo cewa ya samo kowane ƙaramin allo a garinsu, wanda Hafizu bai taɓa gani ba, ya kawo da hannunsa. Ya aro na wani shagon buga takardu. Wannan karon a leda ya zo, biyu ma. Ran Juma'a zaure ya cika. Malama ta zaunar da Cindo a kujera 'yar tsugunno a bayan ƙofa, gaban allon aro, ta zaunar da Hafizu a darduma gaban talabijin, ta jingina masa matashi, ta juya masa fanka da hannunta. Cindo ya ci biyar ba ko ɗaya. Aka sake, ya ci huɗu. Suka yi musayar wuri, Hafizu ya ci. Sannan ta karɓi rimot ta shiga saitin talabijin ta kashe kwalliyar a gaban kowa, ta ce su zauna darduma ɗaya su kalli fuska ɗaya. Aka buga uku. Sakamakon yana ƙarshen wannan sanarwa.

Cindo ya kalli shimfiɗar ya ce, “Ashe dardumar ga ta ci ni, Malama, ba Hafizu ba.” Ta ce, “Da fura.” Washegari da safe ya sauke injinsa a rumfar Hafizu da kafaɗarsa, bai aiko kowa ba, sauran ma sun fara dawowa. Hafizu kuwa ya biyo ta har madafa yana cewa, “Haba Amarya, wancan wasan na ƙarshen ki bar shi mana, kada ki sa shi a sanarwa. Wallahi gara su ce maguɗi na yi.” Ta ce ya matsa, yana tare mata haske.

Marigayi ya rasu ya bar ƙafarsa guda, lafiya lau, da wayar wutarsa. Ya bar ɗan akwatin raba hoto da akwatin naɗi, waɗanda aka zarga tare da shi kuma ba su ci ba su sha ba. Ya bar bidiyo goma sha bakwai da Hafizu ya ɗora, kowanne da kirarin da ya yi wa kansa a ƙasa, Malama kuma ta hana a goge ko ɗaya. Ya bar maƙwabciyarsa talabijin, wadda ta jawo duk wannan kuma ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta koma ɗakin Murjanatu tana nuna fina-finai da fuska a shafe. Ya bar bargo ɗaya da ba zai ƙara rufuwa ba. Ya bar Malama da tambayoyin jarrabawa na shekara da shekaru a cikin kwamfutar da yanzu ba ta da fuska.

Za a fitar da shi ranar Asabar da hantsi daga gidan Malama. Ba za a jefa shi a ruwa ba, kamar yadda wani ya ba da shawara. Kifin bai yi laifin da za a mayar masa da wannan ba. Za a kai shi wurin mai gyara a kasuwar Yelwa ya cire abin da zai amfani wani, sauran a miƙa wa masu tara ƙarfe. Hafizu da Cindo ne za su ɗauke shi, a ka, a ƙasa, suna karɓa-karɓa, ba leda, tunda dai ba su ga amfaninta ba lokacin da take da amfani. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zaure, daga la'asar zuwa kafin magariba. Takardar jan biro tana manne a bango, wayar Murjanatu tana nan ga mai son ya ƙirga da kansa. Tabarma ɗaya ce ga kowa, baƙo da ɗan gida. Goggo Ladi ta riga ta aiko da gaisuwarta, kwando guda na banda. An karɓa saboda zumunci, an raba wa maƙwabta na nesa. Sauran masu zuwa, don Allah, kada a kawo kifi.

Marigayi bai riƙe ƙafar kowa ba. Talabijin ce take makara da hoto talatin. Ruwa bai kashe shi ba, banda ce. Hafizu bai yi maguɗi ba. Da suka kalli fuska ɗaya, Cindo ya ci shi biyu da ɗaya, uku da ɗaya, da biyu ba ko ɗaya.